Wane littafi ne a hannunku a 'yan kwanakin nan?

Malamin Gwale ya rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe da 'yan'uwa baki ɗaya, manya da yara, maza da mata, tare da fatan kowa yana cikin ƙoshin lafiya.

Tambayar da ke tafe da ni gajera ce, amma ina roƙon a ba ni dama in fara bayyana abin da ya haife ta. Ni malamin sakandare ne, Hausa nake koyarwa, shekaruna 58, kuma saura ƙiris in yi ritaya. A hutun da ya gabata ina kakkaɓe wani tsohon akwatin ƙarfe da ya daɗe a ƙarƙashin gado, sai na ci karo da kwafin Shehu Umar na marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda mahaifina ya saya mini tun ina ƙaramin ɗalibi. Bangon ya rabu da jikin littafin, gara ta ɗan ci gefen shafukan ƙarshe, takardar kuma ta koma ruwan ƙasa, amma rubutun yana nan sarai. Na shimfiɗa tabarma a tsakar gida bayan la'asar da niyyar in duba shafi biyu ko uku, ban ankara ba sai da na ji kiran sallar magariba, kuma ban kwanta a daren nan ba sai da na ga ƙarshensa.

Wannan littafi ba baƙona ba ne. Na karanta shi ina ɗan shekara 14, kuma abin da ya tsaya mini a rai a wancan lokaci shi ne kura da mahara da ayarin raƙuma da guguwar rairayi a tsakiyar Sahara. Daga baya na koyar da shi a aji ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, amma karatun koyarwa daban yake, domin idon malami yana kan jigo da zubi da tsari da sunayen taurari, wato abubuwan da za a tambayi yara ranar jarrabawa. A wannan karon kuwa, da babu ɗalibi a gabana, sai na tarar ba Umar nake bi ba, mahaifiyarsa nake bi: matar nan da ta fita neman ɗanta da aka sace, aka yaudare ta aka sayar da ita baiwa, aka ƙetare Sahara da ita, ta ƙi sakin jiki a gidan bauta saboda tunanin ɗan nan, sannan da Allah ya sada su bayan shekaru masu yawa ba ta jima ba ta cika. Tawa mahaifiyar ta rasu shekara biyu da suka wuce, kuma ba na shakka wannan ne ya buɗe mini ido a kan abin da na yi ta tsallakewa har tsawon shekara 44. Abin da ya ƙara ɗaure mini kai shi ne, marubucin bai wuce shekara 22 ba sa'ad da ya rubuta shi domin gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 a ƙarƙashin shugabanta, Bature Dokta East, gasar nan da ake ambaton Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Idon Matambayi da Jiki Magayi tare da ita. Matashi sabon malamin makaranta a Bauci ya rubuta zafin uwa a kan ɗanta, ni kuwa ban iya karanta zafin nan ba sai da furfura ta cika mini gemu.

To, ga roƙona. Ina so kowa ya faɗa mana littafin da ya karanta kwanan nan da ra'ayinsa a kansa, sannan ya haɗa da shekarunsa da sana'arsa. Ba bin diddigi ya sa na nemi waɗannan biyun na ƙarshe ba, kuma ba na bukatar sunan kowa ko na wurin aikinsa. Dalilina shi ne na fara zaton cewa shekarun mutum da aikin da yake wuni yana yi su ne suke zaɓa masa abin da zai gani a cikin littafi, kuma ina so in ji ko haka abin yake a wurin wasu. Kowane irin littafi ne a kawo shi, ƙagaggen labari ko na addini ko tarihi ko waƙa, na Hausa ko Larabci ko Turanci, a takarda ko a waya. A ofishin malamai kullum ana maimaita cewa mutanen Kano sun daina karatu, ni kuwa ban gamsu da wannan magana ba tukuna.

Maman Biyu, daga Tarauni, ta amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan Hajiya, ya sa Aljanna ce makomarta, ya ba ku haƙurin rashinta.

Shekaruna 44, ni ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin haihuwa na wani asibitin gwamnati a cikin gari. Ba ni da lokacin karatu sai idan ina aikin dare, tsakanin ƙarfe biyu zuwa huɗu, in Allah ya sa babu mai naƙudar da ta matso kuma mun gama zagayen duba masu jego. A irin wannan lokaci ne cikin watan jiya na sake karanta Alhaki Kwikwiyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, kuma daga baya Malam Aliyu Kamal ya fassara shi zuwa Turanci aka buga a Indiya a 2012. Karon farko da na karanta shi ina makarantar kwana ne. Wata ƙawata ce ta shigo da shi a ƙasan buhun garin kwaki, muka riƙa karɓa-karɓa, kowa dare ɗaya, da tocila a cikin bargo.

A wancan lokaci duk hankalina yana kan Saudatu, budurwar nan mai natsuwa da Allah ya haɗa da miji nagari, domin a shekarun nan abin da yarinya take mafarki ke nan. Yanzu kuwa Rabi kaɗai nake gani, matar da Alhaji Abdu ya wulaƙanta bayan ya auro Delu, ya kore ta da 'ya'ya tara, ta koma tana dafa abincin sayarwa domin ta ciyar da su ta riƙe karatunsu. Malam, ba na yin mako guda a wurin aiki ban ga Rabi da idona ba. Takan zo da tsohon ciki da 'yar rakiya ɗaya, yawanci babbar 'yarta ce, idan aka rubuta musu abin da za a sayo, safar hannu da allura da ruwan ƙari, sai ka ga ta kwance bakin zane tana ƙirga canji tana sake ƙirgawa, a kira wayar maigidan kuma a ji ta a kashe. Ba ta kuka, ba ta zagin kowa, sai dai ta ce wa yarinyar ta je wurin maƙwabciya ta ranto. Da na zo wuraren da marubuciyar take bayanin yadda Rabi take lissafin cefane, sai na ajiye littafin a kan tebur na ɗan jima ban iya ci gaba ba.

Ƙarshen labarin ne har yanzu yake ci mini rai. Bayan gobara ta cinye dukiyar Alhaji Abdu, duniya ta juya masa baya, sai aka taru a kan Rabi aka matsa mata ta koma gidansa. Ina yarinya na ɗauki wannan a matsayin nasara, na ce ai ga shi alhaki ya kama shi ya dawo yana neman gafara. Yau kuwa abin da nake gani shi ne, matar da ta gama tsayawa da ƙafafunta an sake ɗora mata wani kayan, kuma ba wanda ya tsaya ya tambaye ta abin da zuciyarta take so. Duk da haka ban ga laifin marubuciyar ba ko kaɗan, domin abin da yake faruwa a gidajenmu ta rubuta, kuma ita kanta an cire ta daga makaranta an yi mata aure tun tana ƙarama, saboda haka ba labarin ji take bayarwa ba. Da ta sa Rabi ta ƙi komawa, wataƙila da na fi jin daɗi, amma da ban gaskata littafin kamar yadda na gaskata shi ba.

Ɗan Kwari ya amsa:

Salamu alaikum. Malam, Allah ya saka da alheri da wannan tambaya, Allah ya jiƙan magabatanmu baki ɗaya.

Shekaruna 51, atamfa da shadda nake sayarwa a Kantin Kwari, kuma a nan na taso tun ina yaron shago. Rabona da littafin labari tun ina saurayi, saboda haka abin da zan kawo shi ne littafin da nake ɗauka a gaban malamina, wato Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, malamin mazhabar Malikiyya na birnin Ƙairawan da ke ƙasar Tunisiya a yau, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira. Bayan sallar asuba muke taruwa a zauren malam a cikin Birni, mu kusan goma, kowa da littafinsa da inda ya tsaya. Akwai mai Ahalari, akwai mai Ishmawi, akwai mai Iziyya, akwai kuma wani dattijo da ke ɗaukar Muwaɗɗa. Idan layi ya zo kanka sai ka matsa gaban buzun malam ka riƙa jan Larabcin gaɓa-gaɓa, shi kuma yana fassarawa da Hausa yana warware mas'ala, sauran kuma suna saurare, ta yadda kafin ka tashi ka amfana da karatun mutum tara bayan naka.

Na fara Risala tun kafin in yi aure, na wuce babukan tsarki da salla da azumi da zakka, sai kasuwa ta janye ni. Shekara uku ke nan da na koma, kuma a watan da ya wuce ne muka shiga babin ciniki. A nan ne na ga gaskiyar maganar Malam, domin da a ce ina ɗan shekara 20 na karanta wannan babi, da haddace shi kawai zan yi in wuce. Da malam ya zo inda mai littafin yake bayanin cewa ha'inci da algus da yaudara da ɓoye aibin kaya da gauraya marar kyau a cikin mai kyau duk ba su halatta a ciniki, sai na ji kamar shagona aka buɗe a gaban jama'a. A makon nan ina da wata dila ta atamfa wadda wasu turame a cikinta zanensu ya kauce, launi ya hau kan launi. Abin da aka saba, kuma kowane ɗan kasuwa ya san haka, shi ne a cusa irin waɗannan a tsakiyar masu kyau a ɗaure wa 'yan sarin da suka zo daga Nijar ko Chadi ko Kamaru, waɗanda ba za su kwance kayan ba sai sun isa gida. Da na isa shago a ranar sai na sa yara suka ware su gefe guda, da mai saye ya zo na nuna masa aibin na rage masa kuɗi. Ya saya, amma ribar da na sa rai a dilar nan ta tafi, kuma abin bai zo mini da sauƙi ba, domin ni ma wanda ya sayar mini bai faɗa mini ba. Malam ya gaya mana cewa asalin littafin nan domin a koyar da yara aka rubuta shi, kuma wannan ya sa na ƙudura cewa yaran shagona biyu za su fara zuwa zauren tare da ni, kada su jira sai sun kai shekaruna.

Game da maganar cewa Kano ta daina karatu, ina ganin masu faɗin haka littattafan boko kawai suke ƙirgawa. Garin da Shehu Magili ya rubuta wa Sarki Muhammadu Rumfa littafi a kan yadda ake mulki, garin da Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna ya rubuta Liya'ul Hukkami a cikinsa, har gobe idan mutum ya zagaya lungunan Birni da sassafe zai tarar da takalma jere a ƙofar zauruka.

Ɗalibar Hausa, daga Kabuga, ta amsa:

Assalamu alaikum. Ina gaishe da Baba Malam da sauran iyayena da suka riga ni magana.

Shekaruna 21, ina aji uku a jami'a, a sashen nazarin harsunan Nijeriya. Littafin takarda na ƙarshe da na kammala shi ne So Aljannar Duniya na Hajiya Hafsatu Abdulwaheed, wanda kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya ya buga a 1980, kuma shi ake ɗauka a matsayin ƙagaggen labari na farko da mace ta wallafa da Hausa. Darasi ne ya sa na ɗauke shi, amma ba darasi ne ya sa na ƙarasa shi a zama biyu ba. Abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda budurwa Bafulatana ta tsaya kai da fata a kan wanda take so alhali ba ɗan ƙabilarta ba ne, ta faɗi hujjarta ba tare da rashin kunya ba, a littafin da ya girme ni da fiye da shekara ashirin. Mu 'yan yanzu muna zaton da mu aka fara irin wannan magana, ashe iyayenmu sun riga mu.

Amma idan zan faɗi gaskiya, yawancin karatuna a waya nake yin sa, kuma a nan ne nake so in ɗan tsaya. An ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba, na kuwa yarda, sai dai akwai wata kasuwar littafi a cikin wayoyinmu wadda manya da yawa ba su leƙa ba. Marubuta, galibinsu mata, suna sakin labari shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad da Facebook. Sukan ba da farkon kyauta, idan labari ya ɗauki zafi sai a ce mai son ci gaba ya tura kuɗi ta banki a sa shi a rukunin waɗanda suka biya. A ɗakinmu na kwanan ɗalibai, mu shida, babu wadda ba ta bin labari aƙalla ɗaya, kuma idan marubuciya ta yi jinkirin sakin shafi har ƙorafi ake yi mata, wani lokaci ma masu karatu su matsa mata sai ta sauya makomar wata tauraruwa. Wannan wani abu ne da marubutan takarda ba su taɓa fuskanta ba, kuma a ganina yana da amfani yana da illa, domin labarin da aka rubuta don a faranta wa masu biya rai yakan yi ta jan jiki ba ya ƙarewa.

Aibin da ya fi damuna shi ne rubutun kansa. Ba a bambanta ƙ da k ko ɗ da d, ana haɗe kalmomin da ya kamata a raba, ana raba waɗanda ya kamata a haɗe, ana cusa Turanci a inda Hausa take da kalmarta tsaf, sannan wasu suna shigar da batsa domin su ja masu saye. Duk da haka ba na goyon bayan a yi musu kuɗin goro. A darasi mun karanta yadda aka yi ta muhawara a jaridu cikin shekarun 1990 a kan littattafan da aka laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano, irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wasu masana suna ganin ba adabi ba ne, wasu suna kare su. Yau ga shi a kan waɗannan littattafai ake rubuta kundayen digiri, har da wanda Mama ta Tarauni ta ambata. A cikin marubutan waya akwai waɗanda suke taɓo ciwon da ake ɓoyewa, kamar fyaɗe da shaye-shayen matan aure da halin da 'yan gudun hijira suke ciki, kuma gasar Hikayata da sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 ta nuna cewa idan aka sa musu ƙa'ida da alƙalai suna iya fitar da gajeren labari mai nauyi. Abin da suka rasa shi ne edita, ba basira ba.

Mama, game da komawar Rabi, ni a shekaruna har yanzu ban iya yafe wa dangin nan ba, kuma na ji daɗi da na ga ke ma abin yana ci miki rai.

Telan Fagge ya amsa:

Salamu alaikum, iyayena da yayyena. Shekaruna 33, ɗinkin kayan maza nake yi a Fagge, ina da yara uku masu koyon aiki. Karatun bokona bai yi nisa ba, a aji uku na ƙaramar sakandare na tsaya, saboda haka idan na ɗauki littafi ina jan sa a hankali, ga shi kuma hannu da ido duk suna kan keke tun safe har dare. Abin da nake yi shi ne in kunna waya in jingine ta a jikin gwangwanin zare, in sa inda ake karanta littattafai a YouTube, muna aiki muna saurare.

A lokacin ɗinkin sallar da ta wuce, da muke kwana a shago, mun saurari littafi na ɗaya na Magana Jari Ce na Alhaji Abubakar Imam daga farko har ƙarshe. Yarana labaran ban dariyar da ke ciki suka fi so, har sukan tsayar da guga su ce a maimaita. Ni kuwa abin da ya kama ni shi ne aikin da aku yake yi. Sarki ya tafi yaƙi ya bar masa amanar ɗansa Musa, waziri yana ƙulla makirci a waje, yaron kuma jininsa yana tafasa yana so ya fita, akun nan ba shi da ƙarfin da zai tare ƙofa, sai ya riƙa riƙe shi da labari dare bayan dare har gari ya waye. Ina da yaro ɗaya a shago wanda abokai suke ja zuwa inda bai dace ba, na yi faɗa na gaji, kuma tun daga lokacin na sauya dabara, nakan ba shi aikin wuyan riga in zauna kusa da shi muna hira har lokacin fitar tasu ya wuce.

Tambayata ga Malam ita ce, wanda ya saurara bai duba takarda ba, shi ma za a sa shi a cikin masu karatu?

Mai Littattafai, daga bakin Kurmi, ya amsa:

Wa alaikumus salam. Kafin Malam ya amsa wa ɗana tela, bari in riga shi: kana cikinmu, kuma kana sahun gaba. Lokacin da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939, masu iya karatun boko ba su da yawa, mutum ɗaya ne yakan karanta a dandali jama'a su kewaye shi suna ji, kuma na taso na tarar da dattawan da suka san labaran Imam da ka alhali ba su taɓa riƙe littafin ba. Karatun zaure ma da Alhaji na Kwari ya bayyana, rabinsa da kunne ake yin sa.

Shekaruna 63, sayar da littattafai na gada, kuma a kansa na tsufa. Abin da yake tafiya a wurinmu yanzu shi ne Alƙur'ani da littattafan Islamiyya da na addu'o'i, sai na makaranta idan an koma sabon zango. Littattafan labari na Hausa, waɗanda a da 'yan sari suke ɗauka da yawa su kai garuruwa, masu shagunan haya kuma su saya su riƙa bayarwa kwana ɗaya ɗaya, yanzu sai jefi-jefi. Sun sha matsi a 2007 lokacin da aka ƙona wasu a bainar jama'a a nan Kano aka kuma tsananta tacewa, amma ba wannan ne ya kwantar da kasuwarsu ba, tsadar takarda da zuwan waya ne, kamar yadda 'yata ɗaliba ta bayyana. Masu karatun suna nan, wurin sayen ne ya sauya.

Littafin da ke hannuna shi ne Kano Ta Dabo Cigari na Wazirin Kano Alhaji Abubakar Dokaji, wanda aka fara bugawa a 1958. Ina karanta shi ne tare da tarihin sarakunan Kano da ke cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, ina gwada wannan da wancan. Ina saurayi sunayen sarakuna da yaƙe-yaƙe nake bi, daga Bagauda zuwa Gijimasu da ya fara ginin ganuwa, zuwa Yaji da Wangarawa suka zo a zamaninsa, har zuwa shigowar Turawa a 1903. Yanzu kuwa da na zo kan Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, sai na ɗaga kai na dubi rumfunan da ke gabana, na tuna cewa kasuwar nan da nake zaune a bakinta shi ya kafa ta, kuma fiye da shekara 500 ke nan ana buɗe ta kowace safiya. Abin da yake sosa mini rai shi ne ganuwar da littafin yake ambato da girmamawa, wadda na san ta da tsayinta ina yaro, yau a wurare da dama an cinye ta da gine-gine, jikokina kuma sai dai in nuna musu ƙofa in ce da can akwai katanga a nan. Ra'ayina a kan littafin shi ne Hausarsa tana da daɗi da nauyi irin na fada, amma labarin sarakuna ya fi yawa a ciki, na so a ce an faɗaɗa labarin marina da maƙera da dukawa da fatake waɗanda su ma da su aka gina garin.

Malamin Gwale ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri, ya jiƙan iyayenmu. Ɗana tela, amsar da Alhaji mai littattafai ya ba ka ita ce tawa, kuma zan ƙara da cewa abin da ka gano game da aku da Musa, na shekara da shekaru ina koyar da littafin nan ban taɓa jin ɗalibi ya faɗe shi ba. Idan kun samu sarari ku ci gaba da na biyu da na uku, domin a tsakanin 1937 da 1939 aka fitar da su uku, kuma a na ukun za ka ji yadda akun yake horar da ɗansa, abin da nake zaton zai yi maka amfani a kan yaran shagonka.

Hajiya ta Tarauni, ban taɓa karanta littafin Hajiya Balaraba ba, kuma na san dalili: a shekarun da ya fito ina cikin malaman da suke ƙwace irinsa daga hannun ɗalibai ba tare da mun buɗe mun ga abin da ke ciki ba. Bayanin da kika yi a kan matar da ke kwance bakin zane ya sa na ga cewa akwai bashin karatu a kaina. Alhaji, in Allah ya kai mu Asabar zan shigo Kurmi da hantsi, ina roƙon a ajiye mini kwafinsa ɗaya idan akwai, tare da na Wazirin Kano, domin nawa wani ya ara tun tuni bai dawo da shi ba.

Ke kuma 'yata ɗaliba, ina so ki zaɓa mini labari ɗaya daga cikin na waya wanda kike ganin ya isa a nuna wa malamin Hausa, ki rubuto mini sunansa a nan. Ƙaramar 'yata za ta buɗe mini shi a wayarta. Sharaɗina ɗaya ne, ya kasance marubuciyar ta riga ta kammala shi, domin idona ba zai jure jiran shafi-shafi ba, kuma ina so in karanta shi da biro a hannu in ga ko gyaran da yake bukata ya kai yadda kika faɗa.